Yadda za ku haɗa waƙa kai da tsohon abokinka a lokacin matsi

Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wani abokina da muka yi firamare tare ya mayar wa mai shi da adaidaita sahun da yake ja, don abin da yake samu ba ya isar mai da balas. Ba ni da abin ba shi. Sai muka koma wa abin da muka saba tun muna yara, wato haɗa waƙa. Ga hanyar da ta fisshe mu.

Ku fara da hira, ku ajiye biro tukuna. Ku zauna bayan Isha'i ku bar zance ya tafi inda ya ga dama. Kada ku ce za ku yi wa talauci waƙa. Ya yi faɗi, kuma kowa ya taɓa. Ku nemo abu ɗaya da ido ya gani. Mu namu gwangwani ne. Abokina ya ce mini, “Mutumina, gidan da ake auno tiya, yau da gwangwani ake aiken yaro.” Nan waƙar ta tsaya da ƙafarta.

Sai amshi, kuma a nan za ku daɗe. Dubi Mamman Shata: 'yan amshi na riƙe da layi ɗaya, shi kuwa yana zuba baitoci yadda ya so. Amshin ya zama gajere, wanda za a rera a numfashi ɗaya. Ku rera shi a gaban yaran gida, kada ku ce su koya. In da safe kun ji wani yana maimaita shi a hanyar ɗebo ruwa, ya zauna. In shiru, ku sake wani.

Kari kuma a samo shi kafin a tara kalmomi. Bayan bokiti ko benci ya isa kiɗa. Duk abin da ya yi daɗi ku ɗauka a waya nan take, don karin da ya zo da dare ba ya jiran gari ya waye.

Ku zaɓi ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu. Ƙwar biyar tana da kwarjini, amma tana neman ƙaramin amsa-amo a cikin baiti da babba a ƙarshensa, ga shi kanku ya riga ya ɗau zafi. Amsa-amon ma ku ɗauki mai yalwa irin “wa”. Ɗaya ya kawo ɗangon farko, ɗayan ya rufe, a baiti na gaba ku yi musanya. In nesa ta raba ku, saƙon murya ta WhatsApp ya wadatar.

Wajen gyara ake ɓatawa. Wanda duniya ta juya wa baya ba ya son jin “wannan bai yi ba”, ko da gaskiya ce. Rera masa baitin nasa kawai, zai ji inda harshe ya sarƙe, shi da kansa zai ce a canza. Haka kuma kada ka sa sirrinsa ba da izininsa ba. Na taɓa sako zancen bashin da ake bin abokina, na ga fuskarsa ta canza; ashe surukansa yake tunani. Na soke baitin, ko da yake ya fi sauran daɗi.

Kafin ku doshi sutudiyo, ku gama maganar suna da kuɗi: sunan wa zai fara fitowa, wa zai biya mai kiɗa, yaya za a raba in Allah Ya kawo wani abu. Ku rubuta, mutum biyu su shaida, ko da kunya na cin ku. Sannan ku haddace waƙar tsaf. A sutudiyoyin Kano irin na Zoo Road, mai fiyano ba zai kashe janareto yana jiran ku tuna baiti na uku ba, kuma man da ya ƙone a kanku zai hau.