Ban ruwan kankana a bazarar Dakoro

Ɗana, na ji daɗin labarin kankanar da ka shuka a bayan gida. Sai dai an ce mini da rana ta take, ka ga ganye ya yi yaushi, sai ka ruga da bokiti kana yayyafa mata ruwa. Don Allah ka bar wannan.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Dakoro yakan haura digiri 40, ƙasarmu kuma jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Abin da ka yayyafa da tsakar rana, iska ce ke shanye mafi yawansa, sauran ko taƙi ɗaya ba ya nutsawa. Saiwa danshi take bi. In ta saba samunsa a sama, nan za ta tsaya, inda rairayi ke ƙuna kamar toka mai zafi. Ganyen kankana kuwa yakan lanƙwashe da azahar ko da ƙasa na da laima, kare kansa yake yi. Ka duba shi bayan sallar asuba. In a lokacin ma bai miƙe ba, to ƙishirwa ce ta gaske.

Ka yi wa kowane gurbi ɗan kwari kewaye da gindi, ka zuba ruwa a hankali da sanyin safiya har ya nutse sosai, ban da jiƙa ganye. Sannan ka rufe wurin da karan gero ko ƙaiƙayi, kana ɗagawa lokaci lokaci saboda gara. In kana da tsohon tulu mai tsattsafo, binne shi zuwa wuya kusa da gindin, ka cika, ka rufe bakinsa. Saiwa za ta je ta same shi da kanta. Kai da ka ga yadda ake jan guga da raƙumi da jakai a rijiyoyin kwarin Tarka, ka san ruwa ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Ruwan wankin gero ka ba ta, na sabulu ka kai shi nesa.

Inda aka fi yin asara shi ne daga fitar fure zuwa girman ƴaƴa. In ka bar ta da ƙishirwa kwana uku, ran na huɗu ka cika ta da ruwa don ramuwa, sai ka wayi gari ɗan da ka fi so ya tsage, jan cikinsa a waje, tururuwa ta riga ka. Kaɗan kullum a kan ƙa'ida ya fi ambaliya bayan fashi.

Irin Kaolack da aka saba shukawa yakan nuna cikin kwana 80 zuwa 90. Idan ɗan murɗaɗɗen zaren da ke kusa da ɗan kankanar ya fara bushewa, ka rage ruwa, nan ne zaƙi ke taruwa. In ka ci gaba da shayar da ita, za ka yanka ka ji salam.

Ta farkon da ka yanka, ka kai wa mahaifiyarka, ka kuma tuna da maƙwabta. Allah ya yi maka albarka.