Kula da tsofaffi da naƙasassu

A Dogon Kiriya, cikin ƙasar Arewa, iyali ne ke kula da tsofaffi da naƙasassu a gida. Jikoki na ɗebo musu ruwa, mata na dama musu fura. Amma bayan girbi samari kan tafi cin rani. Sai tsoho ko makaho ya rasa mai kai shi likita.

Wannan nauyi ya fi ƙarfin iyali su kaɗai. Naƙasassun Nijar sun kafa ƙungiyoyi don gwamnati ta sa hannu. A shekarar 1993 aka yi dokar kare su. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu.

Taimakon gwamnati haƙƙi ne, ba sadaka ba. Amma doka ba ta aiki sai jama'a sun tsaya mata.

Tambayoyi
1. Wa ke kula da tsofaffi a gida?
2. Me aka yi a shekarar 1993?