Darasi Na Goma Sha Biyu: Kiɗan Masar Ta Dā A Kunnen Mutanen Yau

Ya kai ɗalibi, idan ka taɓa kallon fim game da Fir'aunonin Masar, ka ji ana busa sarewa a hankali, ganga tana amsawa daga nesa. Wataƙila ka ɗauka haka kiɗan mutanen nan yake shekaru dubu uku da suka wuce. To, ka sani, abin da ka ji ƙirƙirar makaɗan zamani ne. A wannan darasi za ka ga abin da Masarawan dā suka bar mana, da yadda makaɗan yau suke cike gurbin abin da ya ɓace.

Abin da tarihi ya adana

Masarawan dā mutane ne masu son kiɗa da waƙa. A bangon kaburburansu sun zana makaɗa a wurin biki da wurin ibada. Akwai wani zane daga kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun, na wajen shekara ta 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda yanzu yake gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. A cikinsa ana ganin wata mace tana busa sarewa biyu a lokaci guda, wasu suna tafi, 'yan mata kuma suna rawa.

An kuma tono kayan kiɗan kansu. Akwai wani mai siffar baka, mai tsarkiyoyi da yawa. Akwai wani mai dogon wuya wanda ya yi kama da molo ko garaya. Akwai sarewar kara, da ganguna, da wani caki na ƙarfe da ake kaɗawa a ɗakunan ibada. Har gobe limaman cocin Habasha suna kaɗa irin wannan caki.

Sai dai Masarawan zamanin Fir'aunoni ba su bar mana rubutaccen karin waƙa ba. Kalmomin waƙoƙinsu suna nan, amma rubutun nasu baƙaƙe ne zalla, babu wasula. Ka ɗauka an rubuta maka "krt" kawai. Karatu ne, ko kurtu? Haka masana suke fama, suna neman taimako daga harshen Kibɗawa, wanda shi ne jikan tsohon harshen Masar.

Kakakin Tutankamun

A shekarar 1922 wani Bature ɗan Ingila, Howard Carter, ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun. Cikin dukiyar da aka samu akwai kakaki biyu, ɗaya na azurfa, ɗaya na tagulla. A watan Afrilu na 1939 gidan rediyon BBC ya watsa busarsu daga Alƙahira, wani soja mai suna James Tappern ne ya busa. Mutane suka ji amon ƙarfen da ya yi shiru fiye da shekaru dubu uku. Amma lura da wannan: sojan ya ɗora bakin busa irin na zamani a kan kakakin, kuma karin da ya busa nasa ne. Ƙarfen na Fir'auna ne, busar kuwa ta ƙarni na ashirin ce.

Yadda makaɗa suka cike gurbi

Makaɗi na farko da ya kamata ka sani shi ne Giuseppe Verdi, ɗan Italiya. Ya tsara wasan kwaikwayo na waƙa, irin wanda ake kira opera, mai suna Aida, aka fara nuna shi a Alƙahira a watan Disamba na 1871. Domin wasan aka ƙera wasu dogayen ƙahoni miƙaƙƙu, don su yi kama da na zanen kaburbura. Duk da haka, kiɗan na Italiya ne daga farko har ƙarshe.

Na biyu shi ne Philip Glass, ɗan Amurka. Wasansa mai suna Akhnaten, wanda aka fara nunawa a birnin Stuttgart na Jamus a 1984, labarin wani Fir'auna ne da ya sauya addinin ƙasarsa. Glass ya sa an rera wasu sassa da tsohon harshen Masar. Ya kuma bar ƙananan gogen Turawa masu siririyar murya daga cikin ayarin makaɗansa, sai amon ya yi kauri, ya yi nauyi. Karin kuwa gajere ne, ana ta maimaita shi.

Na uku Bamasare ne, Hesham Nazih. Ranar 3 ga Afrilu, 2021, aka ɗauke gawawwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir zuwa sabon gida a Fustat. Nazih ne ya tsara kiɗan bikin, mawaƙiya Amira Selim kuma ta rera waƙa da harshen Fir'aunoni. Kalmomin tsofaffi ne, karin sabo ne, kuma Masarawa da yawa sun ji shi a matsayin gadonsu.

Yadda za ka saurara

Duk lokacin da aka ce maka ga kiɗan mutanen dā, ka yi wa kanka tambayoyi uku. Kayan kiɗan, an tono su ne ko an kwaikwayi zane? Kalmomin, daga wane rubutu suka fito? Karin fa, wa ya tsara shi? Yawancin karin da ake ji a finafinan Fir'auna ya fi kusa da kiɗan Larabawa, wanda ya bunƙasa a Masar ƙarnoni da yawa bayan Fir'aunoni sun shuɗe. Babu laifi makaɗi ya yi hasashe, muddin mai sauraro ya san inda shaida ta tsaya. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan gani kaɗai muke da shi.

Wannan ya shafe ka kai ma. Masarawa sun gina dala, amma muryar mawaƙansu ta bi iska. Kai kuwa kana da wayar da take ɗaukar murya. Idan akwai tsohuwa a gidanku mai waƙar niƙa ko ta reno, a kowane harshe, ka ɗauki muryarta tun tana raye.

Ma'anar kalmomi

Kari: hawa da saukar murya a waƙa.
Amo: sautin da abu yake bayarwa.
Tsarkiya: igiyar da ake ɗaurawa a molo ko baka.
Hasashe: zato bisa wasu alamu.
Shuɗe: wuce, ƙare.

Tambayoyi

1. Kawo kayan kiɗa huɗu na Masarawan dā.
2. Me ya sa furta tsohon harshen Masar yake da wuya?
3. Me ya faru da kakakin Tutankamun a 1939?
4. Wane bambanci ne tsakanin aikin Verdi da na Nazih?

Aikin gida

Zaɓi kayan kiɗa ɗaya na garinku. Rubuta jimloli goma da Hausa, ka bayyana siffarsa da amonsa ga wanda bai taɓa jin sa ba.