Darasi na 18: Wuƙa mai ado

Nima da Mamobi unguwannin zango ne a Ankara, babban birnin ƙasar Gana. Mutanensu sun fito daga ƙasashe da yawa, amma Hausa suke ciniki da ita. A can mahauta da masu tsire ba su rabuwa da wuƙa. Akwai kuma wata wuƙar da ba a yanka kome da ita. Ita ce wuƙa mai ado, wadda fatake suke kawowa daga arewa, su sayar wa baƙi a kasuwar kayan gargajiya ta bakin teku.

Mutum biyu ne suke yin ta. Maƙeri yana saka tsohon ƙarfen mota cikin garwashi, yaronsa yana zuga. In ƙarfen ya yi ja, sai ya kama shi da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya yi ta bugu da masaba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Daga nan baduku ya karɓa. Yana ɗinka kube da fatar akuya wadda aka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi. Sa'an nan ya zana dagi a kanta.

A nesa da mu, a gabashin Asiya, mutanen Japan ma sun shahara da ƙira. Maƙeransu sukan zana wani macijin tatsuniya mai ƙaho da ƙafafu a jikin takobi. A labaransu shi ne mai kawo ruwan sama. A shekarar 1876 gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi. Ciniki ya faɗi, amma maƙeran garin Seki ba su kashe wutarsu ba. Suka koma ƙera wuƙaƙen girki da almakashi, har yau ana sayen su ko'ina a duniya.

Sana'a tana rayuwa in masu ita sun bi zamani, yara kuma sun zo koyo. Amma a tuna, wuƙa ko mai ado ce, ba abin wasa ba ce.

Kalmomi
maƙeri: le forgeron
baduku: le maroquinier
kube: le fourreau
awartaki: les tenailles

Tambayoyi
1. Su wa suke yin wuƙa mai ado?
2. Da me ake jeme fata?
3. Me maƙeran Seki suka yi bayan 1876?
4. Ku ziyarci maƙerar garinku, ku zana kayan aiki uku.