DARASI: SU A DAM LOKACIN HUNTURU

Darasinmu na wannan wata na masunta ne, da duk mai jefa ƙugiya don neman na cefane.

Mutanen Sabon Birni da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo ba su da nisa da ruwa. Akwai dam na Guzuguzu da na Magaga a ƙasar Kabo. Akwai kuma babban dam na Challawa a ƙasar Karaye, wanda aka gama gininsa a shekarar 1992. Gidaje da yawa da kifin waɗannan ruwaye suke ci da sha.

Amma da zarar hunturu ya kama, musamman a watan Disamba da Janairu, sai a ji masunta suna kuka. Mutum ya kwana a bakin ruwa, ya dawo da kifin da bai cika kwano ba. Wasu sukan ce kifi ya ƙare. Kifi bai ƙare ba. Wurin zama ya sake, ya kuma sake lokacin cin abinci.

ME SANYI YAKE YI WA KIFI?

Jikin kifi ba kamar na mutum ba ne. Idan ruwa ya yi sanyi, jikinsa ma sai ya yi sanyi. Daga nan sai ya rage yawo, ya rage ci. Karfasa tana nuna wannan hali, domin ita mai son ɗumi ce.

Da dare, ruwan gefe mara zurfi shi ne ke fara yin sanyi. Ruwa mai zurfi kuwa yana riƙe ɗuminsa. Saboda haka kifi yakan gangara can ya taru.

INA ZA A NEME SHI?

1. Tsohuwar hanyar kogi. Kafin a tare ruwa, kogi yana da hanyarsa. Wannan hanya tana nan a ƙarƙashi, kuma ita ta fi ko'ina zurfi. Dattawan da suka san wurin tun kafin a yi dam za su nuna maka.

2. Gindin itatuwan da ruwa ya cinye, da wurin duwatsu. Tarwaɗa da ragon ruwa da kurungu suna son irin wannan maɓoya. A nan ƙugiya ta fi amfani, domin itace yana yaga kalli.

3. Lungun da iska ba ta dukansa. Da rana ta yi, ruwan wurin yakan yi ɗumi, karfasa ta fito kiwo.

DABARU

Ɗaura dutse a jikin igiya ka auna zurfi kafin ka saka kaya. Ƙara wa kalli nauyi don ya sauka kusa da ƙasa. Idan ka bar shi a sama kamar yadda kake yi da damina, kifi zai wuce ta ƙarƙashinsa.

Mai birgi kada ya yi sammako. Ya jira rana ta ɗaga, daga hantsi zuwa la'asar.

Mai ƙugiya ya rage girman abin da yake sakawa, tun da kifi ba ya ci da yawa. Tana da hanjin kaza suna da kyau, domin tarwaɗa wari take bi. Idan ka jefa, ka yi haƙuri. Kifin sanyi a hankali yake ɗauka.

Idan ka sami kifi a wani wuri, ka lura da wurin sosai. Ka yi alama da wata bishiya ko dutse na bakin gaɓa. Yanzu da ka iya rubutu, ka rubuta rana da wuri da abin da ka kama. Baɗi wannan takarda za ta yi maka amfani.

GARGAƊI

Ƙarancin kifi yakan sa wasu su koma ga raga mai ƙananan ido, ko su zuba maganin ƙwari a ruwa. Wannan ɓarna ce. Dokar kamun kifi ta Gwamnatin Tarayya ta 1992 ta hana kama kifi da guba ko nakiya. Guba tana kashe manya da ƙanana, ga shi mutane da dabbobi suna shan ruwan. Wanda ya kwashe 'ya'yan kifi bana, me zai kama baɗi? A yi amfani da kalli mai idon da bai gaza inci 3 ba.

A kula da iska kuma. Iskar hunturu takan ta da igiyar ruwa a tsakiyar dam, hazo kuma ya rufe gaɓa. Kada ka cika jirgi da kaya. Kada ka shiga kai kaɗai. Ka gaya wa mutanen gida inda za ka, da lokacin da za ka dawo. Idan iska ta tsananta, ka fito. Rai ya fi kifi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa kifi yake komawa ruwa mai zurfi da sanyi?
2. Wane lokaci ya fi dacewa da jefa birgi?
3. Rubuta illa biyu ta zuba guba a ruwa.

A amsa a cikin aji tare da malami. Allah ya ba da sa'a.