Kafin ku kai yara marinar Ƙofar Mata

Iyaye da malaman Ƙaraye da Rogo da ke shirin kai yara Kano ganin kayan tarihi, ku guji haɗa Dutsen Dala da Gidan Makama da Kasuwar Kurmi a yini guda. Yaron da ya sha doguwar mota tun asuba, abin da zai tuna gajiya ce kawai. Ku zaɓi wuri ɗaya, kuma marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta fi dacewa, domin a fili take, ana kuma aiki a cikinta har yau. Yaro zai ga marini ya tsoma ƙyalle a ruwan baba, ya ɗago shi kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi a gabansa.

Za a ce kuɗin mota ya yi tsada, gara a ga komai lokaci guda. Gaskiya ne, amma gani ga wanda bai fahimta ba asarar kuɗin ce. Ku fara da maƙera ko masaƙar garinku, yaro ya saba da tambayar mai sana'a. Ranar tafiya Kano, ku isa marinar da hantsi, da ruwan sha da tsofaffin kaya, don baba ba ya fita. Ramukan rinin daidai suke da ƙasa, sun fi tsayin mutum zurfi; kowane babba ya riƙe ƙanana biyu, kada a sake su. Ku gaida marina, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto, in da hali ku sayi ɗan ƙyalle.