Kada Moto Ya Ƙona Maka Arduino

'Yan'uwa ɗalibai, kowace ƙafar Arduino Uno miliamfa 20 take bayarwa lafiya, alhali ƙaramin moto mai juya fanka yakan ja ɗaruruwa. In ka haɗa su kai tsaye, allon zai iya ƙonewa.

Maganin shi ne rile, wato makunnin da maganaɗisu ke ja. Ka ba moto batirinsa daban, wayarsa ta bi ta ƙafafun COM da NO. Arduino ya umarci rile ta tiransista. Sannan ka gitta diyod 1N4007 a koyil ɗin rile, gefe mai layi wajen +, don ya shanye wutar da ke dawowa.

Amfanin NO shi ne, wutar Arduino na ɗaukewa, rile zai saki, moto ya tsaya. A yi gwaji da batir kawai. Wutar gida sai da malami.